Khal da Mabul a Ɗakin Girkin Turawa

Daga cikin koke-koken da masu sana'ar gyaran dutse a Amurka da Ingila suka saba ji a wannan zamani, akwai guda wanda ya yawaita har lafazinsa ya zama kusan ɗaya ko daga bakin wa ya fito, watau uwargida ta goge kantar ɗakin girkinta da wani ruwa da ta haɗa da hannunta, na khal da lemun tsami da makamantansu, tana nufin tsabta da tattalin kuɗi da kuɓuta daga sharrin magungunan kanti, amma da wurin ya bushe sai ta tarar ƙyallin dutsen ya tafi, wani fari-fari ya maye gurbinsa, ta ɗauka sauran ruwa ne, ta kawo tsumma ta goge, ta ƙara khal ta sāke dirzawa, tabon kuwa maimakon ya gushe sai faɗi yake ƙarawa. Wanda ya ji wannan labari a gurguje zai ce jahilci ne, ya wuce abinsa. Ni dai ban ga jahilci a ciki ba, domin abin da matar nan ta yi aiki da shi ilmi ne sahihi, wanda kakanninta suka jarraba shekaru aru-aru suka ga fa'idarsa. Illa iyaka ilmin ya iso gare ta bayan an yanke masa sharaɗinsa a hanya, teburin da aka yi shi dominsa kuwa an daɗe da fitar da shi daga ɗakin an shigo da wani.

Kafin ƙarni na 20 ɗakin girki a Turai da Amurka bai san kanta ba. Abin da ke akwai shi ne babban tebur na katako a tsakiyar ɗaki, wanda ba a shafa masa fenti ba, a kansa ake yanka nama, a kansa ake murza kwaɓin burodi, idan an gama aikin yini kuwa sai 'yar aiki ta zuba masa ruwan zafi da farin yashi mai laushi, wani lokaci da soda ko ruwan toka, ta sa burushi mai tauri ta dirje shi tana bin tsawon jijiyar katakon, har ya fito fari tas. Hikimar aikin a fili take: yashin yana kankare wani siririn ɓawo daga saman katakon tare da maiƙo da jinin da suka shige cikinsa, katakon kuwa mai kauri ne, ko an shekara hamsin ana kankararsa ba abin da zai same shi sai ɗan kwarmi a inda hannu ya fi zama, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan kwarmi aibi. Tukwanen tagulla da khal da gishiri ake goge su, saboda tsamin khal yana narkar da baƙin da iska ke haifarwa a jikin tagulla ba tare da ya yi wa ƙarfen wata ɓarna ta a zo a gani ba. Wuƙaƙe kuwa, da yake ba a san ƙarfen da ba ya tsatsa ba tukuna, da wani bulo ake goge su wanda ake yi a garin Bridgwater na Ingila daga lakar kogin Parrett. Mai karatun da ya taɓa ganin matanmu suna dirje gindin tukunya da toka da yashi, ko sun jiƙa tsamiya suna wanke tasa, ya riga ya fahimci wannan babi gaba ɗaya, gama ƙa'idar ɗaya ce a can da nan: mai kaushi ga abin da ke jure kankara, mai tsami ga ƙarfe, dangin toka da kanwa ga maiƙo.

Shi khal tsohon abokin zaman ɗan Adam ne, domin duk inda aka bar ruwan inabi ko na tuffa ko na dabino ya yi tsami a buɗe, khal yake komawa a ƙarshe. Ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci, malaman fiƙihu kuma sun tsawaita bahasi a kan hukuncin giyar da ta juye ta zama khal. Wanda ake sayarwa a kanti yau galibi kashi 5 cikin 100 nasa ne asid, saura ruwa, wannan ɗan kaɗan ɗin kuma ya ishe shi ya narkar da farin gishirin da ruwan rijiya ke bari a cikin buta, ya kashe ƙarni, ya sa gilashi ya yi garau. Amma fa mutanen dā ba su jahilci ɗaya fuskar tasa ba. Marubucin Rumawa Pliny ya kawo hikayar Kiliyobatara sarauniyar Masar, wadda ta jefa lu'ulu'un teku mai tsadar gaske cikin khal ta shanye, don ta nuna wa Antoniyo, jagoran yaƙin Rumawa, tana iya cinye dukiya mai yawa a zama ɗaya. Livy, shi ma marubucin Rumawa, ya ruwaito cewa a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, sa'ad da sarkin yaƙi Hannibal ke ƙetare duwatsun Alps da giwayensa, sai da aka hura wuta a jikin wani dutse da ya tare hanya, aka kwara masa khal, sa'an nan aka farfasa shi. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan ingancin waɗannan riwayoyi, amma ko a matsayinsu na hikaya sun isa hujja cewa tun shekaru dubu biyu da suka wuce an san khal yana cin wasu duwatsu. Sababin abin ne bai bayyana ba sai a tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da Joseph Black na ƙasar Sikotlan ya nuna cewa idan asid ya sauka a kan allin dutse sai wata iska ta fita daga cikinsa tana kumfa, wadda ita ce yau ake kira kabon dayoksaid. Allin dutse da dutsen farar ƙasa da ɓawon ƙwai da lu'ulu'un teku da mabul duk asalinsu ɗaya ne, sinadarin kalsiyam kabonet. Wanda ke son gani da idonsa ya tsoma ɗanyen ƙwai cikin kofin khal: nan take zai ga ƙananan kumfa sun lulluɓe ɓawon suna tasowa, bayan kwana ɗaya ko biyu kuwa ɓawon ya tafi, sai tantani kaɗai ke riƙe da ƙwan.

To, mabul yana cikin gidajen Turawa tun can, sai dai ba a inda lemun tsami da tumatir suke ba. Wurinsa shi ne bakin murhun jin ɗumi a falo, da saman teburin wanke fuska a ɗakin kwana, da wani falalen dutse a ɗakin ajiya mai sanyi inda ake ɗora man shanu ko a murza kwaɓin kek, kuma galibi a gidajen masu hali, inda akwai babbar mai kula da gida wadda ke horar da ƙananan 'yan aiki, tana nuna musu abin da ake taɓawa da wane da abin da ba a kusantarsa da wane. Littattafan tafiyar da gida na ƙarni na 19 ma ba su yi sakaci ba. Lydia Maria Child, wadda ta wallafa littafinta na tattalin gida a Boston a 1829, ta gargaɗi mata kada su wanke mabul ɗin murhu ko da da ruwan sabulu ne, don yana kashe ƙyallinsa a hankali, sai dai a kaɗe ƙura a share tabo da tsumma mai ɗan mai. Isabella Beeton kuma, cikin ƙaton littafinta da ya fito a Landan a 1861, ta ware wa mabul haɗinsa na daban, na soda da alli da garin dutsen goge kaushi, wanda ko ɗigon tsami babu a ciki, ko da yake masu gyaran dutse na yau ba za su sa mata hannu a kan dutsen kaushin nan ba. Watau a wancan zamani kowace fa'ida da sharaɗinta take tafe, kamar yadda matani ke tafe da sharhinsa a hannun almajiri. Wanda ya haddace matani shi kaɗai yana iya kawo hukunci daidai harafi da harafi, ya je ya ɗora shi a mas'alar da mawallafin bai taɓa nufi ba.

Ƙarnin nan na 19 shi ne kuma ya fara raba uwargida da haɗa kayan wankinta, ya mai da su hajar kamfani. Nicolas Leblanc ya samo hanyar fitar da soda daga gishiri a Faransa a 1791, Ernest Solvay na Beljiyam ya zo da wadda ta fi ta araha a shekarun 1860, Austin Church da John Dwight suka soma ƙulla bekin soda suna sayarwa a New York a 1846, ruwan bilic kuwa tun 1789 ake yinsa a unguwar Javel ta birnin Faris. Daga nan sabulan dirza suka biyo baya, Sapolio a 1869, Bon Ami a 1886, Vim a 1904. Na tsakiyar nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin sabulan da suka riga shi da garin dutsen kwaz ake yinsu, mai tsananin kaushi, shi kuwa aka yi shi da wani dutse mai suna felsfa wanda bai kai kwaz tauri ba, aka sa masa tambarin ɗan tsako da ya fito daga ƙwai bai fara tono ba, ishara ga cewa ba ya karce abin da aka goge da shi. Wannan kuwa dalili ne a kan cewa tun a lokacin an fara cika gida da abubuwa irin su gilashi da kwanon wanka mai farin shafi, waɗanda ba su jure abin da teburin katako ke jurewa. Binciken Pasteur da Koch a kan ƙwayoyin cuta shi ya ƙarasa aikin: teburin da dā ake alfahari da farinsa ya koma abin tuhuma, tun da yana tsagewa yana shan ruwa, aka koma neman fuska mai santsi, fara, wadda ba ta tsotsar kome.

Kanta yadda muka san ta, watau doguwar fuska ɗaya mai bin bango, tsayinta daidai ƙugu, da durowa a ƙarƙashinta, Catharine Beecher tana cikin farkon waɗanda suka zana ta, a littafin da ta fitar tare da ƙanwarta Harriet Beecher Stowe a 1869, amma ba ta shiga gidan talaka da yawa ba sai bayan 1926, shekarar da wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt wani ɗan ɗakin girki mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, wanda aka gina kimanin 10,000 irinsa, bayan ta nazarci kai da kawowar mace tsakanin murhu da wurin wanke-wanke don ta rage mata taku. Saman kantar da katakon wata bishiya mai tauri da ake kira bic ta yi shi, da gangan, saboda yana jure wuƙa da tsami. Abin da ya fi awon ɗakin muhimmanci shi ne dalilin ƙanƙantarsa: ɗaki ne na macen da ba ta da 'yar aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Farko 'yan mata sun riƙa barin aikatau suna tafiya masana'antu da kantuna da ofisoshi, silsilar nan ta baka da baka wadda ke isar da sharuɗɗa daga babba zuwa ƙarama ta tsinke, jarida da mujalla da tallar rediyo suka zama malaman uwargida.

Sa'an nan Formica ta zo. Injiniyoyi biyu, Daniel O'Conor da Herbert Faber, suka kafa kamfaninta a Cincinnati a 1913, nufinsu kuwa kayan kare wutar lantarki, girki bai ko zo musu a rai ba. Takardu ne ake jiƙawa da danƙo a danne su da zafi har su zama allo. Da aka ƙara mata shafin melamin a 1938, aka kuma shiga gina dubban gidaje a bayan biranen Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta mamaye ɗakunan girki, har ya zama yaron da aka haifa a 1950 yana iya girma ya yi aure bai taɓa zama a gidan da kantarsa ba ita ba ce. Formica kuwa khal da aka sirka da ruwa bai dame ta ba. Maƙiyanta su ne wuƙa da gindin tukunya mai zafi da garin dirza. Saboda haka sa'ad da Heloise Cruse ta fara rubuta shafinta na dabarun gida a wata jaridar Honolulu a 1959, shafin da daga baya ɗaruruwan jaridu suka riƙa bugawa, khal kuma ya zama sarkin dabarun, ba ƙarya aka yi wa kowa ba. Uwa da 'ya, wani gidan har da jika, sun rayu a cikin ɗakin girkin da faɗar cewa khal na wanke kome ta yi kusa da zama gaskiya tsantsa, togaciyar mabul kuwa, da yake ba mai bukatarta, ta faɗi daga bakin mutane ba wanda ya lura.

Daga shekarun 1960 abubuwa biyu suka taso, kowane da hanyarsa, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Na farko shi ne tsoron sinadarai. Garin wankin zamani da ake yi daga man fetur, irin su Tide da ya fito a 1946, ya sa aka riƙa ganin kumfa tana tudu a kan koguna. Fosfet da ke cikinsa ya taimaka wajen cika tafkin Erie na Arewacin Amurka da gansakuka har kifaye suka riƙa mutuwa. Littafin Rachel Carson na 1962 a kan magungunan ƙwari ya girgiza jama'a, aka yi bikin Ranar Duniya na farko ran 22 ga Afrilu 1970. Mutane da yawa, kuma da hujjarsu, suka juya wa kwalaben kanti baya suka koma ga abin da ke cikin kabad ɗin abinci, khal da bekin soda da lemun tsami da gishiri, littattafai suka yawaita a kan haka a shekarun 1990, intanet kuma ta zo ta ninka su, ta gutsuttsura kowace fa'ida zuwa layi biyu da hoto, ta yar da abin da ya saura. Na biyu shi ne dutse. Zartunan waya masu haƙoran daimon da injunan yanka na Italiya da jigilar kwantena suka rage farashin giranit, aka riƙa kawo shi daga Barazil da Indiya da Sin, har abin da a shekarun 1980 yake alamar gidan attajiri ya zama a shekarun 2000 abin da mai matsakaicin hali ke tambaya kafin ya sayi gida. Da idanu suka gaji da giranit mai dabbare-dabbare sai yayi ya koma ga fari, aka nufi mabul na Carrara ta Italiya, inda Michelangelo ya riƙa zaɓen dutsen sassaƙarsa, da dutsen tarabatin da na farar ƙasa, dukansu 'yan gidan kalsiyam kabonet. Alhazanmu sun san irin wannan dutse da tafin ƙafarsu, domin farin daɓen da ake ɗawafi a kansa a Masallacin Harami mabul ne na tsibirin Tasos na ƙasar Girka. Ta haka ne dutsen da Child da Beeton suka killace a falo ya shigo ɗakin girki, ya kwanta a gefen wurin wanke-wanke, daidai lokacin da kwalbar fesa khal ta koma hannun uwargida.

Abin da ke faruwa a kan dutsen ya kamata a dube shi a kusa. Ƙyallin mabul ba wani shafi ba ne da aka ɗora masa. Jikin dutsen ne aka goge har ya yi santsin da haske ke dawowa daga gare shi a miƙe. Idan ɗigon lemun tsami ya sauka, kafin a ɗauko tsumma ya riga ya narkar da abin da ido ba ya gani, ya bar ƙananan ramuka waɗanda ke warwatsa haske, sai wurin ya yi dishi-dishi. In ka shafa da ɗan yatsa ka ji ɗan kaushi, in ka sunkuya ka dubi kantar ta gefen da taga take ka ga tarihin abin duka a rubuce, da'irar gindin kofi, da yayyafin da kwalbar fesawa ta yi, da bakan da hannu ya zana sa'ad da yake shara. A kan baƙin mabul fari yake fitowa fat. Ba datti ba ne da ya hau, ragi ne da aka yi, shi ya sa wanki ba ya fitar da shi. Man da ake shafa wa dutse don toshe ƙofofinsa ma ba ya hanawa, gama aikinsa tare mai da shayi kada su nutse ciki, ba shi da ta cewa ga asid mai cin fuska. Giranit na haƙiƙa, da yake kwaz da felsfa ne mafi yawansa, khal ba ya narkar da shi, sai dai yawan fesawa yana rage kwanan man toshiyar; amma 'yan kasuwa sukan kira duwatsu da dama giranit ko kwazait alhali akwai kalsiyam kabonet a cikinsu, shi ya sa mai hankali kan roƙi guntu ya ɗiga masa lemun tsami kafin ya biya. Kantar da ake kira kwaz kuwa, wadda fasahar yinta ta fito daga kamfanin Breton da Marcello Toncelli ya kafa a Italiya a 1963, garin dutse ne kimanin kashi 90 cikin 100, saura danƙon roba, kuma ta wajen danƙon nan ake cin ta: bilic mai ƙarfi da maganin wanke tanda da zafin tukunya suna ɓata launinsa.

Bekin soda ta fi khal sauƙin kai, domin a ma'aunin taurin ma'adinai da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 tana wajen 2.5, ma'adinin mabul yana 3, kwaz yana 7, amma duk da haka in aka kwaɓa ta aka riƙa dirzawa kullum tana dusashe mabul mai sheƙi. Haɗa ta da khal kuwa, wanda shi ne mafi shahara cikin haɗe-haɗen saboda kumfar da yake yi mai burge ido, ɓarnar kaya ce kawai, don kowannensu yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa, abin da ya rage ruwa ne da ɗan gishiri. Wanda ya wuce hasarar dukiya ya kai ga hasarar rai shi ne haɗa bilic da khal, domin iskar kulorin yake fitarwa mai ƙone huhu. A watan Afrilu na 2020, farkon annobar korona, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto cewa kiran da ake yi wa cibiyoyin guba a kan kayan wanki da na kashe ƙwayoyin cuta ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a watanni uku na farkon shekarar in aka gwada da na 2019, ta kuma kawo labarin wata mata da ta cika wurin wanke-wanke da bilic da khal da ruwan zafi don ta jiƙa kayan lambu, sai da aka kai ta asibiti.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba matan gida kaɗai suka taɓa cutar da mabul da sunan tsabta ba. A 1937 da 1938 ma'aikatan Gidan Tarihi na Birtaniya, don biyan muradin Lord Duveen wanda ya ba da kuɗin sabon zaure kuma yana son ganin dutse fari, sun kankare wani sashe na sassaƙe-sassaƙen mabul na Parthenon, tsohon haikalin Girkawa, da kayan aiki na tagulla da dutsen wasa wuƙa, abin da har yau Girkawa ba su daina ambatonsa ba. Haka kuma ba na ganin kamfanoni a matsayin masu gaskiyar da aka ƙi saurara, domin ruwan wanke dutse da suke sayarwa da tsada mafi yawansa sabulu ne mai sanyi, ba tsami ba kaifi, wanda ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanuka ke iya tsayawa a madadinsa, kuma wannan ma haɗin gida ne. Inda kuskuren yake, a ganina, wani ƙiyasi ne gurgu da ya shiga zukata tun shekarun 1970, cewa abin da ciki ya karɓa bai cutu ba, ba zai cuci kome ba. Alhali kuwa cikin ɗan Adam da kansa asid ne a cikinsa wanda ya fi khal ƙarfi nesa ba kusa ba, dutsen Carrara kuwa ba a halicce shi da wannan juriya ba.

Mas'alar ta iso gare mu ta ƙofarta. Sababbin gidaje da yawa a Abuja da Kano da Kaduna yanzu da kantar giranit ko mabul ake gina su, ƙasar ma tana da nata mabul a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, tsofaffin gidaje da masallatai kuma cike suke da daɓen tarazo, wanda tsakuwar mabul ce a cikin siminti, dukansu biyu kuwa asid na cinsu. A gefe guda ga masu sa tayil da suka saba wanke sabon aiki da asid don su fitar da sauran siminti, ga kuma mata da yawa da suka koyi haɗa sabulun ruwa da bilic da ruwan wanke banɗaki a gida, sana'a mai albarka wadda ta rufa wa gidaje asiri, sai dai ruwan banɗakin nan galibi asid ne mai ƙarfi, kuma jarkar da aka ɗura shi ba ta ɗauke da wani rubutu da zai ce kada a kai shi kan tarazo.

Gyara yana yiwuwa, tun da mabul dutse ne har cikinsa, abin da ke ƙarƙashin tabo irin abin da ke samansa ne. Mai gyara yakan rufe durowa da bango da leda, ya jiƙa kantar, ya ɗora faifan daimon a bakin injinsa ya fara da mai kaushi, yana zagayawa a hankali har ya saukar da fuskar duka zuwa zurfin ramukan, farin ruwa mai kauri yana gangarowa, sa'an nan ya canja faifai zuwa wanda ya fi laushi, ya sāke canjawa, kowane faifai yana share karcen wanda ya gabace shi. Masu gida da yawa a nan suke cewa ya tsaya, su zaɓi fuska mai laushi marar sheƙi, don tabon gaba ba zai fito sosai a kanta ba. Wanda ya nace sai ƙyalli, to, akwai mataki na ƙarshe, inda ake barbaɗa wani gari a ɗiga ruwa a murza da farin soso a ƙarƙashin inji har dutsen ya ɗauki haske. Garin nan kuwa galibi akwai asid a cikinsa, wanda ake kira okzalik, irin wanda ke cikin ganyen alayyafo, an auna shi gwargwado, kuma mai aikin yana wanke shi da ruwa mai yawa tun bai bushe a kan dutsen ba.